Haihuwa a Hannun Ungozomar Asibiti a Legas, da Hanyar da 'Ya'yanmu Mata Za Su Bi Su Koyi Aikin

Bahaushiyar da ke zaune a Idi-Araba tana iya takawa da ƙafarta har ƙofar asibitin koyarwa na LUTH. Ta Agege tana da babban asibitin Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye kusa da ita, ta Obalende kuma asibitin haihuwa na Island Maternity ba shi da nisa da gidanta. Nisan asibiti, wanda ke kashe mata a ƙauyukanmu na Arewa, ba shi ne ciwon Legas ba. Abin da ke tsare matanmu a ɗaki har abu ya ɓaci shi ne ba a jin yaren juna da ma'aikata, ga kunyar cikin fari, ga jiran maigida ya dawo daga Mile 12 ko Alaba Rago ya ba da izini, sannan idan an fito a tarar da cunkoson motoci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya suka rasu. Yawancin abin da ya kashe su, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda da ƙwayoyin cuta, ungozomar da ta yi karatu tana iya gano shi da wuri, ta tare shi ko ta miƙa mace inda za a tare shi.

Mutum biyu muke kira ungozoma da Hausa, kuma ya kamata a raba su tun farko. Akwai tsohuwar unguwa mai yanke cibiya da wankan jariri, wadda ta gaji aikin. Akwai kuma wadda ta yi karatu, ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Nas da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, aka ba ta lambar rajista da lasisi, ana rubuta RM a bayan sunanta. Idan ta haɗa da karatun nas, za ki ga RN da RM tare. Wannan ta biyun muke magana a kai. Tsohuwa tana da matsayinta wajen rakiya da kwantar da hankali da hidimar jego, amma ba ta da abin auna jini, ba ta da allurar tsayar da zubar jini, kuma ba ta da ɗakin tiyata a bayanta.

Wace ce ta dace da hannun ungozoma, wace ce ta likita

Tsarin shi ne ungozoma ce ke jan ragamar kula da mai ciki lafiyayye tun daga awo har bayan haihuwa, likita yana nan kusa don ranar da aka buƙace shi. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna matan da ungozoma ɗaya ko 'yar ƙungiya ɗaya ta riƙe tun farkon ciki sun fi haihuwa da kansu, kuma sun fi gamsuwa da yadda aka kula da su. Dalilin a bayyane yake: wadda ta san jikinki tun wata na uku ita za ta fara lura ranar da fuskarki ta kumbura.

Amma akwai cikin da tun ranar farko na likita ne, kuma ungozoma ta gari ita za ta fara faɗa miki haka. Wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, mai sikila, mai tagwaye, wadda ta taɓa jijjiga ko zubar jini mai yawa ko haihuwar ɗa babu rai, yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, duk waɗannan su yi awo a babban asibitin da ake tiyata dare da rana kuma ake ƙarin jini. Mai haihuwa da yawa ta fi kowa ganin ta ƙware, alhali mahaifarta ce ta fi saurin saki bayan haihuwa.

Zaɓen wuri da yankar kati

A Legas matakai uku ne. Akwai cibiyoyin lafiya na matakin farko a unguwanni, inda ungozomomi ke riƙe da aiki. Sama da su akwai manyan asibitocin jiha da cibiyoyin uwa da yaro irin na Ifako-Ijaiye, Isolo, Ikorodu da Amuwo-Odofin. A can sama kuma LUTH da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wanda sashen haihuwarsa ake kira Ayinke House. Kafin ki yanki kati, ki yi tambaya huɗu, ko maigida ya yi: shin ana karɓar haihuwa da dare da ranar Lahadi? Idan abu ya gagara wane asibiti ake tura mutum, kuma da wace mota? Akwai firjin da ke aiki don ajiye allura? Ana barin 'yar rakiya ta shiga ɗakin haihuwa? Idan asibitin kuɗi ne, a nemi ganin shaidar rajistarsa da hukumar HEFAMAA, wadda ke sa ido kan asibitocin jihar. Farin kaya kawai ba shaida ba ne. A kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, tun ciki yana ƙarami, ba ranar naƙuda ba.

Ki yanki kati kafin ciki ya cika mako 12. Mun san al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, amma gaya wa ungozoma ba shela ba ce, aikinta ya haɗa da riƙe sirri. Abin da za ta fara tambaya shi ne ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara zuwa. A kan wannan rana ake ƙara kwana 7 da wata 9 na turawa: wadda ta fara ganin jini ranar 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Oktoba. Idan da watan Musulunci kike lissafi, ki faɗa mata haka, domin kwana 280 na ciki wajen wata tara da rabi ne a lissafin wata, kuma wannan bambancin ne ke sa wasu su ɗauka cikinsu ya wuce lokaci su fara neman maganin naƙuda. Hoton ciki guda ɗaya kafin mako 24 yana gyara lissafin, ya kuma nuna ko tagwaye ne.

Abin da ya kamata a yi miki a wurin awo

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas: na farko cikin mako 12, sannan a mako 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A zuwan farko za a ɗebi jini a duba yawansa, da rukuninsa, da ko AA ce ke ko AS ko SS, da HIV, da tunjere, da ciwon hanta nau'in B, a kuma duba fitsari. Idan aka ce rukunin jininki mai alamar ragi ne, ki riƙe wannan magana da kyau: akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba.

A kowane zuwa sai an auna hawan jini. Ki tambayi lambar, ki ga an rubuta a katinki. Idan ya kai 140 bisa 90, ba maganar "ki rage tunani" ba ce, sai an duba fitsari a ga ko akwai furotin, domin haɗuwar biyun ita ce hanyar jijjiga. Za a sa tef a auna tudun ciki daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Daga mako 24 santimita na tafiya kusan daidai da yawan makonni, bambancin biyu sama ko ƙasa ba damuwa. Za a saurari zuciyar ɗa, wadda ke bugawa tsakanin 110 da 160 a minti.

Magunguna kaɗan ne amma kowanne da aikinsa. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum; kada ki haɗiye ta da shayi, domin shayi na hana jiki tsotse ta, kuma idan bayan gida ya yi baƙi aikinta ne, ba cuta ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake kira SP, ƙwaya uku a lokaci guda a gaban ma'aikaciya, ana farawa daga mako 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Ga mai zama kusa da kwata da ruwan da ba ya gudu, kamar yawancin unguwanninmu a nan, wannan da gidan sauro ba abin wasa ba ne. Sai allurar rigakafin sarƙewar haƙora, biyu da tazarar mako huɗu ga wadda ba ta taɓa yi ba.

Ranar awo a asibitocin gwamnati akan fara da jawabin lafiya, sau da yawa da Yarbanci ko Turancin buroka, har da waƙa da tafi. Matanmu kan zauna a bencin baya, hijabi har ƙasa, kati a hannu, a gama a watse ba su tsinci komai ba. Kada ki yi haka. Ki je da wadda ke jin yaren, kuma idan kin shiga wurin ungozoma ki ce a maimaita miki abu uku: yaya jinina, yaya kwanciyar ɗa, yaushe zan dawo.

Alamomin da ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne: jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zazzaɓi, fashewar faya kafin naƙuda, raguwar motsin ɗa, da jijjiga. Jijjigar mai ciki ba iska ba ce, hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata komai a baki, a nufi babban asibiti.

Shirin mako 36

Wannan sashen na maigida ne. Malam, ka ba da izini tun yanzu, a gaban uwargida da maƙwabciya, cewa ko ba ka nan a tafi asibiti. Ka ajiye kuɗin mota da na ko-ta-kwana a hannunta, ba a aljihunka ba. Ka yi magana da direba biyu a unguwa, domin an hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, kuma tafiyar minti ashirin da asuba tana iya zama ta awa biyu da yamma. Lambobin gaggawa na jiha su ne 112 da 767. Ka nemi mutum biyu da za su iya ba da jini. Ka kuma yanke shawara tun da sanyin rai cewa idan likita ya ce sai an yi aiki za ka sa hannu nan take, ba sai an buga waya gida an jira amsa ba. Awannin da ake ɓatawa wajen wannan shawara su ne ke jawo fashewar mahaifa da yoyon fitsari.

Idan za a mayar da ita gida Arewa goyon ciki, a tafi da wuri, da katin awo da duk sakamakon gwaji, a kuma san asibitin da za ta haihu a can kafin ta hau mota. A jaka a sa zannuwa aƙalla huɗu, audugar mata mai kauri, kayan jariri da hula, tawul biyu, da duk abin da asibitin ya rubuto.

Ranar naƙuda

Naƙudar gaskiya tana zuwa a jere, tana ƙara ƙarfi, kuma ba ta lafawa don an kwanta. Idan ciwon na dawowa duk minti biyar a kama hanya, mai haihuwa ta uku ko ta huɗu ma ta riga haka fita. Idan faya ta fashe a duba launin ruwan: fari kamar ruwan kwakwa daidai ne, kore ko ruwan ƙasa yana nufin ɗa ya yi kashi a ciki, a gaggauta.

Ungozoma za ta shafa ciki ta san inda kai yake, ta saurari zuciya, ta sa safar hannu ta auna buɗewar bakin mahaifa. Daga santimita 5 naƙuda ta kankama, a 10 ta buɗe duka. Wannan tsakanin ba ya yawan wuce awa 12 ga haihuwar fari, awa 10 ga wadda ta saba. Za ta riƙa sauraron zuciyar ɗa duk rabin awa, ta duba buɗewa duk awa huɗu, tana rubutawa a takardar bin naƙuda. Yawan sa hannu ba ƙwarewa ba ne, hanyar shigar cuta ce. Ki yi yawo, ki sha ruwa ko kunu mara kauri, ki yi fitsari akai-akai domin cikakkiyar mafitsara na tare wa kai hanya. Kada ki yi nishi kafin a ce ki yi. Yunƙuri kan bakin mahaifar da bai gama buɗewa ba yana kumbura shi ko ya yaga shi. Jarumtar yin shiru ma ba ta da amfani a nan: abin da kika ji ki faɗa.

Abu biyu muke roƙo a guje musu. Na farko allurar naƙuda a gida ko a kemis. Maganin da ke ceton rai bayan haihuwa, idan aka yi shi barkatai ɗa yana ciki, yana matse mahaifa har ta fashe. Na biyu danna ciki daga sama don a turo ɗa. Addu'a kuwa a yi ta sosai, ba ta hana aikin kowa. Amma duk wani jiƙo ko saiwa da kika sha, ki gaya wa ungozoma gaskiya, domin wasunsu na haukata naƙuda. Ƙari kuma, wato yankan da ake yi don faɗaɗa wa ɗa hanya, ba dole ba ne ga kowace mai haihuwar fari, sai da dalili, kuma da allurar kashe zafi.

Awa biyun farko bayan ɗa ya faɗo

Nan ne aikin ungozoma ya fi nauyi, kuma nan ne 'yan uwa ke tafiya buga waya suna barka. Ana fitowa za ta tsane jariri da tawul, ta jefar da jiƙaƙƙen, ta ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, ta rufe su da busasshe. Idan bai yi kuka ba bayan an goge bayansa, tana da minti ɗaya ta fara hura masa iska da 'yar jakar roba mai marfin fuska. Ba a riƙe shi ta ƙafa a girgiza, ba a watsa masa ruwan sanyi. Idan yana numfashi lafiya, a jinkirta ɗaure cibiya minti ɗaya zuwa uku don jinin mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa.

Cikin minti ɗaya da haihuwa za a yi wa uwa allurar oksitosin, awo 10, a cinya, don mahaifa ta dunƙule. Wannan allura tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, shi ya sa muka ce a tambayi firji. Wadda ta daɗe a zafi ƙarfinta yana raguwa. Bayan mabiyiya ta fito za a shimfiɗa ta a duba ko ta cika, domin ɗan guntun da ya maƙale ya isa ya hana jini tsayawa.

Ki sa hannunki ƙasan cibiya. Mahaifar da ta dunƙule za ki ji ta da tauri kamar ƙwallon goruba babba. Idan ta yi laushi kamar kwaɓaɓɓen fulawa, ki murza ki kira ungozoma. Ita ma za ta duba duk minti 15 a waɗannan awa biyu. Jinin da ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya-wata ɗaya, ya zama zubar jini. Ido na yaudara, musamman idan zani ya shanye. Wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, da aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace, sannan a haɗa murza mahaifa da oksitosin da maganin daskarar da jini da ƙarin ruwa a lokaci guda, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari.

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Dakashi ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafinsa na farko, kuma tsotson na taimaka wa mahaifa ta dunƙule. A jinkirta wanka zuwa awa 24. Kafin sallama ya samu bitamin K da allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. Kada a matsa a sallame ku kafin kwana ɗaya.

Jego

A dawo a duba uwa da ɗa a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 da 14, da mako shida. Hidimar suna ba ta soke wannan. Cibiya a shafa mata man kulohekzidin na asibiti kawai, a bar ta a buɗe. Ban da gashi da tsumma mai zafi, ban da man goge baki, ban da toka. Kada a sa kafur a kayan jariri, yana fasa jinin wasu yara ya jawo shawara. Idan idonsa ko tafin ƙafarsa ya yi rawaya, ko ya ƙi nono, asibiti za a kai shi, ba hantsi ba.

Wankan jego da ruwa mai ɗumi yana warware gajiya, ba mu hana shi ba. Abin da likitocin Zariya suka nuna tun shekarun 1970 shi ne haɗa tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa mai yawa yana ɗora wa zuciya nauyi har ta gaza. Hajiya mai wanka, a sassauta zafin, a rage kanwa, mai hawan jini kuma ta bar ta gaba ɗaya. Maijegon da ke haki idan ta kwanta, ko ƙafarta ta kumbura, ko ta jiƙa auduga biyu zuwa uku cikin rabin awa, ko jinin biƙi ya yi wari da zazzaɓi, a mayar da ita asibiti. Haka wadda ta shiga yawan kuka da rashin barci da ƙin ɗanta; ciwo ne mai magani.

Yadda ake zama nas-ungozoma daga Legas

Duk abin da muka lissafa zai fi sauƙi ranar da Bahaushiya ta shiga ɗakin haihuwa a Agege ta ji an ce mata "sannu, yaya jikin?" 'Yan matanmu da aka haifa a nan suna jin Hausa da Yarbanci da buroka da Turanci, kuma wannan jari ne da ba kowace ɗaliba ke da shi ba.

Hanyar tana farawa daga aji huɗu na sakandare: ta shiga ajin kimiyya. Ana buƙatar kiredit biyar, a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. A nema mata darasin ƙari tun da wuri. A JAMB za ta zaɓi Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma sai da lambar NIN ake rajista. A nan akwai tarkon da ke cin 'ya'yanmu musamman: suna. Idan NIN ta ce Aisha, WAEC ta ce Aishat, takardar haihuwa ta ce A'ishatu, ko Muhammad a nan Mohammed a can, za a sha wahala ranar tantancewa. A daidaita rubutun suna da ranar haihuwa a kowace takarda kafin ta zana jarrabawar fita.

Hanya ta farko ita ce digirin jami'a, BNSc, shekara biyar, kamar yadda ake yi a Jami'ar Legas a Idi-Araba da Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. A shekarun ƙarshe ake zana jarrabawar RN sannan ta RM, a biyo da shekara ɗaya ta horon sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Gurbin kaɗan ne, makin da ake nema kuma yana da yawa. Ta biyu ita ce kwalejojin nas da suka koma tsarin ND da HND, shekara huɗu, su ma ta JAMB ake shiga. Kwalejin Nas ta Jihar Legas tana Igando, LUTH ma tana da makarantunta. Tsohon tsari shi ne shekara uku na ungozomanci zalla, ko shekara uku na nas sannan wata 18 na ungozomanci ga wadda ta riga ta samu RN. Da yake makarantu na sauya tsari, a je ofishin makarantar a tambayi wanda suke ɗauka a bana. A ra'ayinmu, wadda ta samu dama ta haɗa RN da RM, domin ta fi samun wurin aiki da hanyar ƙarin karatu.

Kafin a biya ko kwabo, a duba sunan makarantar a jerin waɗanda NMCN ta amince da su. Kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata, kuma bayan watannin farko na share fage da jarrabawarsu ake tura sunayen waɗanda suka ci a ba su lambar hukuma. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zana jarrabawar ƙarshe ba ko ta shekara nawa a aji, don haka uba ya tambaya, ya ga shaida. Babban tarkon Legas kuma shi ne "okzilari": asibitin kuɗi ya ɗauki yarinya, a ɗinka mata farin kaya, ta yi shekara biyu ko uku, a yi bikin yaye a ba ta takarda. NMCN ba ta san wannan takarda ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita a matsayin nas, kuma karɓar haihuwa da ita saɓa doka ne.

Karatun kansa rabi aji ne rabi asibiti. Za ta koyi sassan jiki, da ƙashin ƙugu da ƙoƙon kan jariri har ta iya zana su a rufe da ido, da magunguna da awonsu. Misali, maganin jijjiga, magniziyam salfet, ana farawa da giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu, kuma kafin kowace allura sai ta ƙirga numfashin mai jijjigar ya kai 16 a minti, ta buga gwiwa ta ga ta harba, ta auna fitsari. Kuskure ɗaya a nan na tsayar da numfashi. Tana da littafin da ake sa mata hannu kan kowane awo da haihuwar da ta karɓa a gaban malama. Kada ta yarda a cike mata shi da abin da ba ta yi ba, domin ranar da ta tsaya ita kaɗai da dare hannunta ne zai amsa. Ta yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku, kafin ta fara taɓa jini. Maganar hijabi a tambayi ƙa'idar kayan makarantar tun ranar karɓar fom. Abin da aikin kansa ke buƙata shi ne hannu a buɗe zuwa gwiwar hannu don wanki, da mayafin da ba zai riƙa jan jini ba. Iyaye da miji su sani tun farko cewa akwai kwanan asibiti, har ranar Sallah.

Bayan ta ci jarrabawa za a yi mata rajista a ba ta lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara uku bayan halartar kwas ɗin ƙarin sani na dole. Manyan asibitocin jiha suna ɗauka ta Hukumar Ma'aikatan Lafiya ta Jihar Legas, cibiyoyin unguwa ta hukumar lafiya matakin farko, ga kuma asibitocin tarayya irin su LUTH da na Ebute Metta. Shawararmu ga sabuwar ungozoma ita ce ta fara da wuri mai yawan haihuwa da manya a kanta, ko da albashin wani wurin ya fi, ta yi shekara biyu tana gani tana tambaya. Kuma duk ranar da ta karɓi aiki, kafin ta zauna, ta buɗe firji ta ga oksitosin, ta matsa jakar hura iska ta ji ba ta yoyo, ta ƙirga magniziyam da ledar ƙarin ruwa, ta tabbatar lambar asibitin da take tura mata tana shiga.